Gawo a Gonakin Daura

Duk wanda ya zo Daura neman tarihi, rijiyar Kusugu ake fara kai shi, a ba shi labarin Bayajidda da macijiya da Daurama. Amma in ya ɗauki hanyar Kongolam zuwa Damagaram, zai ga wani tarihin tsaye a cikin gonaki, wato itatuwan gawo, warwatse tsakanin kunyoyin gero. Ba su tsira a wurin don an manta da su ba. Manomi ne ya ga tsiron yana ƙarami, ya kauce masa da fartanya da gangan, sarauta kuma ta mara masa baya. A Damagaram har yau ana tuna Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, da tsananin hukunci ga mai sare gawo, a zamanin kuwa Zangon Daura tana ƙarƙashin inuwar Damagaram, kafin Turawa su mayar da sarautar Haɓe birnin Daura a 1906.

Dalilin wannan gata a bayyane yake. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani, sa'ad da ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi kore shar. Zuma na samun furensa bayan sauran furanni sun ƙare, tsuntsaye na sheƙa a rassansa, awaki da shanu na rububin 'ya'yansa masu lanƙwasa, su kwanta a gindinsa su bar kashinsu. A cikin kashin nan ne irin gawon yake tsirowa.

Masu suka suna cewa zamani ya wuce wannan: akwai takin zamani, tarakta na son fili, itacen girki ya yi tsada, ga tsuntsayen da ke sauka a kai suna cin hatsi. Ɓarnar tsuntsu gaskiya ce. Amma takin buhu ba ya riƙe rairayi in iska ta taso, ba ya kuma ciyar da akuya a watan Afrilu. Bayan farin 1984, manoman Maradi da Magarya da Matamaye sun koma rainon kututturen da ke tohowa a gonakinsu, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo a Nijar da hekta miliyan 5. Ƙasarsu da ta Baure da Mai'aduwa kuwa rairayi ɗaya ne, ruwan sama ɗaya.