Wa Ya Haifi Dodo? Tarihi da Almara Daga Koriya Zuwa Dajin Rugu



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne matsayin dodo a cikin labarun da al'umma ke bayarwa game da tarihinta. Mai nazarin tarihi ba ya ɗaukar dodo a matsayin shaida, amma kuma ba ya watsar da shi, domin duk inda mutane suka saka dodo a tsakiyar labarin sarakunansu, to akwai wata magana mai nauyi da suke son faɗa wadda bakinsu bai iya ɗauka kai tsaye ba. Za mu ɗauki misali daga wasannin talabijin na Koriya ta Kudu, mu gwada shi da namu na ƙasar Hausa, sa'an nan mu ga abin da gwajin zai koya mana game da yammacin Katsina, watau ƙasar Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu.

A shekarar 2019 kamfanin Netflix ya fito da wani wasa mai suna Kingdom, wanda marubuciya Kim Eun-hee ta tsara. An ɗora labarin a zamanin daular Joseon, jim kaɗan bayan yaƙin da Japan ta kawo wa Koriya daga 1592 zuwa 1598. Sarki ya mutu, amma dangin sarauniya suka ɓoye mutuwar, suka sa aka tashe shi da wani tsiro, ya zama dodo mai cin naman mutane, don kawai mulki ya zauna a hannunsu har sarauniya ta haihu. Cutar ba ta bazu ba sai da talakawa, waɗanda yunwa ta gallaba, suka ci naman gawar wani da sarkin ya kashe. Daga baya ma aka gane cewa tun a lokacin yaƙi manyan ƙasa sun mai da majinyatan wani ƙauye dodanni don su tura su ga abokan gaba. Haka nan a 2023 aka fito da Gyeongseong Creature, wanda ya faru a birnin Seoul a 1945, shekarar ƙarshe ta mulkin mallakar Japan da ya fara a 1910. A nan dodon mace ce da sojojin mallaka suka yi gwajin likitanci a kanta a ƙarƙashin wani asibiti, abin da ke tuna wa masu kallo da rundunar Japan mai lamba 731, wadda ta yi irin wannan ta'asa a kan fursunoni kusa da birnin Harbin.

To, a cikin wasannin nan biyu dodo yana da uwa da uba. Mahukunta ne suka yi shi da hannunsu, yunwa da zalunci kuma suka raine shi, don haka aikin jarumi ba ya ƙarewa da sare masa kai, sai ya bi sawu ya gano wanda ya ƙulla abin. Kuma mutanen Koriya ba su ɗauki wannan da wasa ba. A watan Maris na 2021 tashar SBS ta soke wasan Joseon Exorcist bayan kashi 2 kacal, saboda jama'a sun yi ca a kansa cewa ya ɓata sunan Sarki Taejong, ya kuma cusa kayan Sin a cikin tarihinsu. Ashe ko da dodo a cikin labari, jama'a suna neman a riƙe amanar tarihi.

Yanzu mu juyo gida. Sanannen labarinmu da ya haɗa dodo da sarauta shi ne na Bayajida. Maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu a Daura, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya zo da dare ya sare kansa, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa kuma aka ce an sami sarakunan Hausa Bakwai. Abin lura a nan shi ne, labarin bai tambayi daga ina macijin ya zo ba, ko wa ya bar shi ya zauna shekara da shekaru. An tarar da shi ne kawai, kamar fari ko annoba. Amfanin labarin shi ne ya halatta mulkin wanda ya kashe shi, ya kuma bayyana yadda sarauta ta fita daga hannun mata ta koma hannun maza. Haka dodon tatsuniya yake: yana can a kogi ko a kurmi, yana haɗiye mutane da dabbobi, har ranar da wani zai farke cikinsa su fito. Labarin Koriya yana tuhumar fada, namu kuwa yana yi mata kirari.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mutanen Babban Duhu da Runka da Zakka a ƙasar Safana, da na Ruma da Wagini a ƙasar Batsari. Sunan Babban Duhu kansa yana kawo wa Bahaushe tunanin duhuwa, watau kurmi mai sarƙaƙiya inda tatsuniya ke ajiye dodo. Amma tarihi ya nuna cewa abin tsoron da ke fitowa daga wannan daji mutane ne masu dalili. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a wajejen 1807, tsofaffin sarakunan suka kafa Maraɗi, sai ƙasar Ruma da dajin Rugu suka zama iyaka tsakanin abokan gaba biyu. Ta nan mayaƙan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19, suke biyowa su kai hari kudu, garuruwa da yawa suka watse, daji ya cinye gonaki. Saboda haka wani sashe na duhun nan yaƙi ne ya shuka shi. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, ya dage a kan cewa a nemi dalilan irin waɗannan al'amura a cikin tsarin mulki da tattalin arziki, kada a tsaya ga sunan ƙabila.

A zamaninmu dajin ya sake zama abin tsoro. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, ta janye a 2020, a 2021 kuma aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Wanda aka kashe wa ɗa ko aka ƙone wa rumbu, in ya kira maharan dodanni, ba mai ganin laifinsa. Sai dai idan masana da mahukunta suka ɗauki wannan harshe, to sun koma labarin Kusugu: dodo ya faɗo daga sama, a jira baƙo mai takobi. A nan ne tambayoyi ke mutuwa. Wa ya cinye burtali da makiyaya? Ina shanun da aka sace suke shiga kasuwa? Ta wace hanya bindigogi ke ƙetaro iyaka? Yaya ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta faro, kuma wane alƙali ne ya kasa raba ta tun tana ƙarama? Tambayar dalili ba ta wanke mai laifi, hasali ma ita ce ke ƙara yawan waɗanda za a tuhuma, domin takan tona masu yi wa dodo ɗaya tsafi a daji da cikin gari.

Nan gaba marubutanmu da masu shirya fim za su ba da labarin waɗannan shekaru, kuma mai yiwuwa su ari rigar dodo, domin wani baƙin cikin ba ya faɗuwa sai da ita. Abin da tarihi ke roƙonsu shi ne su tattara shaidar mutanen ƙauyukan tun masu ita suna raye, su kuma nuna wa mai kallo hannun da ya yi dodon, ko na waye.