Tarihin Binciken Kabon a Ƙasar Fit ta Wurare Masu Zafi da Darasinsa ga Fadamunmu

1. Gabatarwa

Duk wanda ya san Mahuta, a kudancin Kogin Kaduna, ya san ƙasa iri biyu. Akwai ta tudu, ja ko fara, wadda ba ta riƙe taki. Akwai kuma ta fadama, baƙa mai danƙo, inda 'yan lambu ke samun abin kai wa kasuwa da rani. Baƙin nan ragowar ganye ne da saiwoyi waɗanda ruwa ya hana su ruɓewa sarai, kuma kusan rabin nauyin wannan ragowa sinadarin kabon ne. Daura da unguwar akwai matatar man fetur da aka buɗe a 1980 domin tace wani kabon da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya san ƙona fetur yana ƙara ɗumamar duniya, amma kaɗan ne suka san busar da fadama ma yana yin haka.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin yadda masana suka gano wannan ajiya ta kabon a ƙasashe masu zafi, da yadda suka ƙirƙiro samfuran lissafi don hasashen makomarta. Sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da tarihin ya ce game da fadamunmu.

2. Ma'anar Fit da Yadda Aka Gano Shi

Abin da Turawa ke kira fit ƙasa ce wadda mafi yawanta ragowar tsirrai ne. Idan tsiro ya mutu a tudu, ƙwayoyin halitta da gara sukan cinye shi, kabon ɗinsa ya koma sama. Idan kuwa ya faɗa inda ruwa ke kwance rani da damina, iskar oksijin ba ta isa gare shi, sai ruɓewar ta yi ta jan ƙafa, sabo yana hawa kan tsoho har shekaru dubbai. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke cikinta ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya.

Masanan Turai sun fara nazarin fit ne a ƙasashensu masu sanyi, saboda haka suka daɗe suna ɗauka cewa zafi ba zai bar shi ya taru ba. A ƙarshen ƙarni na 19 masanin tsirrai Koorders, mutumin Holan, ya ba da labarin faffaɗan dajin fit a tsibirin Sumatra. A 1933 Betje Polak ta wallafa nazarinta kan fit na tsibiran da suka zama Indonesiya, sa'an nan J. A. R. Anderson ya yi nasa a Sarawak da Burunai wajen 1960. Ta haka aka tabbatar cewa a can akwai fit da kaurinsa ya haura mita 10. Ashe ba sanyi ne kaɗai mai gadin ajiyar ba. Babban mai gadin shi ne ruwa.

3. Farkon Samfuran Lissafi

Abin da muke nufi da samfurin lissafi shi ne jerin ƙa'idojin lissafi da ke kwaikwayon yadda abu ke gudana, domin a tambaye su abin da zai faru idan yanayi ya sauya. A 1978 H. A. P. Ingram ya raba fit hawa biyu: na sama, inda ruwa ke hawa da sauka kuma iska ke shiga, da na ƙasa, wanda ke nutse a ruwa kullum. A 1984 R. S. Clymo ya nuna da lissafi cewa tarin fit yana da iyaka. Yayin da tarin ke ƙara kauri, jimillar abin da ke ruɓewa a cikinsa tana ƙaruwa, har ta kamo abin da ke shigowa daga sama. Tamkar rumbu ne da ake zuba masa hatsi kowace kaka, gara kuma tana ci daga ƙasa.

Daga baya aka gina samfuran kwamfuta a kan wannan harsashi, kamar wanda Steve Frolking da abokan aikinsa suka fitar a 2010, da DigiBog na Baird da Morris da Belyea a 2012. Sai dai an gina su ne da alƙaluman fit na ƙasashen sanyi, wanda gansakuka ke samarwa, alhali na ƙasashe masu zafi daga saiwoyi da kututturan itatuwa yake fitowa. Dole aka sake musu fasali kafin su yi aiki a Asiya da Afirka.

4. Darasin Indonesiya

Abin da ya fito da wannan ilimi daga ɗakin karatu zuwa teburin hukuma gobara ce. A 1995 gwamnatin Suharto ta yanke shawarar mayar da kimanin hekta miliyan 1 na dajin fit a Kalimantan ta Tsakiya gonakin shinkafa. Aka haƙa magudanai na fiye da kilomita 4,000, ruwa ya tsiyaye, shinkafar kuwa ba ta yi ba. Da fari ya zo a 1997, sai ƙasar kanta ta kama da wuta, tana ci ta ƙarƙashi wata da watanni. A 2002 Susan Page ta Jami'ar Leicester da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa gobarar wannan shekara a Indonesiya ta saki kabon tsakanin tan biliyan 0.81 da 2.57, watau kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona fetur da kwal da gas. Wutar ta sake tashi a 2015, kuma a 2016 gwamnati ta kafa hukumar farfaɗo da ƙasar fit, wadda aka ɗora wa babban aikin toshe magudanan da aka haƙa.

5. Kwarin Kwango

A nahiyarmu labarin ya zo a makare. Daga 2012 Greta Dargie da Simon Lewis na Jami'ar Leeds, tare da Suspense Ifo na Jami'ar Marien Ngouabi ta Barazabil, suka yi ta ratsa dazuzzukan tsakiyar kwarin Kwango suna auna zurfin laka. A 2017 suka bayyana cewa akwai fit mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kabon wajen tan biliyan 30, wanda ya fara taruwa shekaru 10,600 da suka wuce. Awon da aka ƙara yi ya kai faɗin zuwa 167,600 a 2022. Tun a 2018 ƙasashen Kwango biyu da Indonesiya suka sa hannu kan Sanarwar Barazabil don kare wurin.

Abin da ya fi dacewa da masu nazarin tarihi shi ne binciken Yannick Garcin da abokan aikinsa na 2022. Da suka auna shekarun lakar hawa-hawa, sai suka tarar da giɓi: tsakanin kimanin shekaru 7,500 da 2,000 da suka wuce, abin da ya saura ɗan kaɗan ne, kuma ruɓaɓɓe ƙwarai. Dalili shi ne ruwan sama ya ragu daga wajen shekaru 5,000 da suka wuce, ruwan ƙasa ya sauka, sai ruɓewa ta cinye sabon fit, ta kuma gangara ta ci wanda ya riga shi taruwa. A 2023 Dylan Young da abokan aikinsa suka gwada wannan tarihi da DigiBog, samfurin ya nuna cewa raguwar ruwan sama kaɗai ta isa ta hallaka fit mai kaurin mitoci. Babu wanda ya haƙa magudana a wancan zamani, sauyin yanayi ne ya yi aikin. Ga shi kuwa ruwan da ke sauka a kwarin, wajen milimita 1,700 a shekara, bai kai na yankunan fit na Asiya ba.

6. Shaida Daga Ƙasarmu

Wancan farin bai tsaya a Kwango ba. Zamanin da fit ɗin can ke taruwa, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Lakar dausayin Kajemarum a arewacin Yobe, da ta Tafkin Tila a tsaunin Biu, duk sun nuna yadda ƙasar ta yi ta bushewa bayan wancan zamani mai ni'ima. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya yi kimanin shekaru 8,000 a binne, kuma bai ruɓe ba saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tsare shi daga iska. Ƙa'idar da ta adana shi ita ce ke adana fit.

A yau ranin wata biyar zuwa bakwai ba ya barin fit mai kauri ya taru a ƙasar Hausa. Binciken da M. J. Jones ya yi daga Samaru, ya wallafa a 1973, ya nuna cewa matsakaicin kabon a ƙasar tudu ta sabanar Afirka ta Yamma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa baƙar ƙasar fadama ta zama abin tattali.

Mun kuma ga abin da janye ruwa ke yi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, wadda kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a da, ta koma 70,000 zuwa 100,000 a wajen 1990. G. E. Hollis da J. R. Thompson sun gina samfurin lissafin ruwan wannan dausayi, aka kuma haɗa shi da lissafin tattalin arziki na Edward Barbier, wanda ya nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta cike asarar manoma da masunta da makiyaya na ƙasa ba. Lissafin ruwa da kuɗi ne aka yi. Na kabon shi ne mataki na gaba.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a Indonesiya magudana ce ta buɗe rumbun, a Kwango fari ne, a Haɗeja kuwa madatsa da fari suka haɗu. A duka ukun abin da ya yanke hukunci shi ne zurfin ruwan ƙasa. Haka nan mun ga cewa kowane samfuri ya biyo bayan awo ne: sai da aka shiga laka da ƙafa kafin kwamfuta ta sami abin lissafawa.

Saboda haka muna ba da shawara cewa jami'o'inmu, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, su zaɓi wasu fadamu su riƙa auna zurfin ruwansu kowane mako da kabon ɗin ƙasarsu kowace shekara. Muna da misali a gida, domin filin gwajin taki da aka buɗe a Samaru a 1950 ya zama abin dogaron masana ne saboda an daɗe ana awo a wuri guda. Fadamun bakin gari irin na Mahuta su ya kamata a fara da su, tun da gine-gine na cinye su a kai a kai. Fadamar da aka cike aka yi gini a kanta ba ta sake aunuwa, kuma ruwan da take shanyewa da damina sai ya nemi wata hanya, kamar yadda mazauna bakin Kogin Kaduna suka gani a ambaliyar 2003 da ta 2012. Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara.