Ciyawar da ta tsere daga akwatin kifi ta mamaye teku

1/ Jiya a layinmu a Nasarawa na tarar da wani maƙwabcinmu yana juye ruwan akwatin kifinsa na ado cikin kwata, har da ciyayin da ke ciki. Na ce, "Yaya, ka san inda kwatar nan ta nufa?" Ya ce, "Kogin Kaduna mana. To sai me?" Wannan "sai me" ɗin ce ta sa na buɗe zaren nan. Ku biyo ni.

2/ Mu faro daga nesa. A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani a gida. Eh, murjanin da kakanninmu ke sawa a wuya, asalinsa halitta ce mai rai a teku. Sukan haɗa ruwan gishiri a akwatin gilashi, su sa duwatsun teku, su yi ta lallaɓa shi.

3/ Babban ciwon kansu shi ne baƙin da ke maƙalowa a jikin dutse. Akwai Aiptasia, wata 'yar halitta da ke harbin murjani har ya mutu. In ka kankare ta, kowane gutsure sai ya zama sabuwa. Shi ya sa suke yi mata allurar ruwan lemon tsami, ko su sako wani jatan lande mai cin ta.

4/ Amma baƙuwar da ta shiga tarihi ciyawa ce, Caulerpa taxifolia. Kore shar, ga kyau kamar gashin tsuntsu, ga saurin yaɗo har ta lulluɓe murjani. Wajen 1980, a gidan namun daji na Wilhelma a Stuttgart ta Jamus, aka lura da wani irinta mai jure sanyi. Aka yi ta rabawa gidajen kifi don ado.

5/ A 1984 aka gan ta a cikin tekun Bahar Rum, daidai ƙarƙashin gidan nazarin teku na Monaco. Faɗinta bai wuce murabba'in mita 1 ba. Tabarma guda, jama'a. A ranar mutum ɗaya ya isa ya kwashe ta.

6/ Ba a kwashe ba. A 1989 masanin halittun ruwa Alexandre Meinesz ya nutsa, ya tarar ta kai kusan hekta 1. Ya yi ta kururuwa. Maimakon aiki sai gardama: daga ina ta fito, laifin wa? Gidan na Monaco ya musanta cewa daga wurinsa ne. Ana ta musu, ita tana ta yaɗo.

7/ Zuwa 2000 ta shafi kusan hekta 13,000 a ƙasashe 6: Monaco, Faransa, Italiya, Sifen, Kuroshiya da Tunisiya. Tana da dafi, yawancin kifi ba sa cinta, kuma gutsurenta a jikin koma ya isa ya kafa sabuwar gona. Gaskiya daga baya ta ja baya a wurare da dama, amma ba dabarar kowa ba ce.

8/ Yanzu ku ga bambanci. A Yunin 2000 ta ɓulla a tafkin Agua Hedionda a Kalifoniya, ana kyautata zaton wani ne ya juye akwatinsa. Cikin kwana 17 aka fara aiki: aka rufe ta da tamfol, aka ɗura sinadarin kulorin a ƙasa. A 2006 aka sanar an gama da ita. Kuɗin? Kusan dala miliyan 7.

9/ Wani zai ce mu ina ruwanmu da teku? To a 1984 ɗin nan dai, wata irin kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi, wadda Turawa ke kira water hyacinth, ta shigo Najeriya ta Badagry daga Jamhuriyar Benin. 'Yar asalin Amazon ce, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita duniya.

10/ Cikin kamar mako 2 takan ninka kanta. Ta toshe hanyar kwale-kwale, ta hana jefa koma, ta shaƙe kifi. Mun saba cewa kainuwa dashen Allah. Wannan kam dashen mutum ce.

11/ Don haka in kana da akwatin kifi: sabon kifi ko tsiro, ka killace shi daban na 'yan makonni. Ciyawar da ka cire, shanya ta ta bushe ƙurmus, sannan ka ƙone. Ruwan kuma a busasshiyar ƙasa, nesa da kwata. Kifin da ka gaji da shi, mayar wa mai sayarwa, kar ka "'yanta" shi a kogi.

12/ Maƙwabcin namu? Ya yi dariya ya ce karatu ya yi min yawa. Amma yau da safe na hango ciyayin a shanye a kan kwanon gidansu. Ku tura wa duk mai kifin ado da kuka sani, don Allah.