Kwalbar da Ake Ƙarawa Kan Baƙin Mai

Baƙin man sintetik a fagen yaƙi ya girma. Daga shekarun 1930 masanin sinadarai Hermann Zorn ya duƙufa kan haɗa shi a Jamus, ƙasar da ba ta da wadatar ɗanyen mai, daga baya kuma sanyin Rasha ya riƙa daskarar da man gargajiya a injunan sojojinta. Sai a 1972 Amsoil ya kai shi ga masu motoci a Amurka, Mobil 1 ya biyo baya a 1974.

Kafin nan kasuwar kwalaben ƙari ta riga ta kafu, kuma da hujjarta, domin man da rarrauna ne. Amma tun shekarun 1940 kamfanonin mai suka fara zuba sinadaran da kansu, musamman ZDDP mai hana ƙarfe cin ƙarfe. Galan ɗin yau da kayan haɗinsa yake zuwa, a aune. Mai ƙara masa kwalba kamar mai zuba gishiri ne a miyar da bai ɗanɗana ba.

Masu kwalaben sun sha kunya. A 1978 STP ya biya tarar dala 500,000 kan tallan ƙarya. Slick 50, mai alkawarin lulluɓe injin da Teflon, ya sasanta da hukumar FTC a 1997 kan irin wannan zargi.

Inda kwalba take da sauran magana shi ne tsofaffin injuna, domin daga baya an rage ZDDP a mai saboda yana lalata matacin hayaƙin sababbin motoci.