Hannun da Fasto Wuye ya rasa a Kaduna

A watan Mayun 1992 rikicin Zangon Kataf ya fantsama zuwa birnin Kaduna, kuma a wannan tarzoma ce James Wuye, jagoran matasan Kirista masu fita fagen faɗa, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Liman Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su, daga nan suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai. Abin lura shi ne daɗewar da zuciyar faston ta yi ba ta sauko ba. Da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru yana aiki da limamin, suna tafiye-tafiye tare, amma tunanin ramuwa bai bar shi ba, sai da wani fasto ya tunatar da shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Umarnin Linjila na ƙaunar maƙiyi kowane mai zuwa coci ya san shi, amma idan ya fito daga bakin mai dungulmi, matashin da ke wasa adda ba shi da bakin cewa mai maganar bai san zafin rashi ba.

Masu sukar wannan hanya ta yafiya na da hujja mai nauyi. A watan Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, amma a Nuwamba rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200. Har yau kogin Kaduna ya raba mazaunin mabiya addinan biyu, kuma akasarin masu kisa ba su ga kotu ba. Wannan gaskiya ne, sai dai hukunci aikin hukuma ne, kuma sakacinta ba laifin wanda ya yafe ba ne. Abin da ke hannun wanda aka zalunta shi ne ya hana jininsa zama hujjar kisa na gaba, domin ramuwar gayya kan faɗa ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Haka ta faru a Yelwa ta jihar Filato a 2004, inda kisan Kiristoci a Fabrairu ya jawo kisan ɗaruruwan Musulmi a Mayu, har aka kafa dokar ta-ɓaci. Wuye da Ashafa ne suka zaunar da ɓangarorin, aka roƙi gafara a bainar jama'a, aka ƙulla yarjejeniya a 2005.