Ƙwaƙwalwar kwamfuta

ƙwaƙwalwar kwamfuta (suna, mace). Masu gyara kan ce furosesa. Ɗan guntun silikon ne a kan babban allon kwamfuta, shi ke yin lissafi yana bin umarnin manhaja. Intel da AMD, kamfanonin Amurka, su ke ƙera mafi yawan na kasuwa.

Ta matsakaicin kuɗi: Core i5 ko Ryzen 5, kuma ita ta dace da mai son gem da aljihu bai cika ba. Sunan i5 kaɗai yaudara ne, a duba zubinta: i5-12400 ta 2022 ta yi wa i5-4570 ta 2013 fintinkau. Wadda lambarta ta ƙare da F ba ta nuna hoto sai an haɗa mata katin hoto. Ryzen 5 5600G ta 2021 kuwa da nata a ciki, watt 65 take ci, wanda sauƙi ne ga mai dogaro da sola. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin bazara ya rage wa ƙwaƙwalwar gudu.

Misali: "Yaya, in ka je titin Beirut a Kano, kada ka biya kuɗin ƙwaƙwalwar kwamfuta sai an kunna an gwada a gabanka."

Ga mai ƙaramin jari, 5600G ta wadatar.