Wa ke biyan kuɗin tankaɗe da rairaya?

Duk wanda ya taɓa kwana a Pelebina ko Jugu da damina ya san darajar gidan sauro. Amma kafin gwamnatoci su yarda su riƙa raba shi kyauta, sai da wasu suka yi wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba: tattaro binciken da aka riga aka yi, a tankaɗe, a rairaye, a ga abin da ya rage.

Domin wannan aiki aka kafa ƙungiyar Cochrane a Oxford ta Ingila a 1993. Gwaji ɗaya a 'yan ƙauyuka yana iya ruɗin mutum, sai an jera shi da 'yan'uwansa gaskiya ke fitowa. A 2004 Christian Lengeler ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe irin su Gambiya, Gana da Kenya, ya nuna gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara da kusan kashi 17 cikin 100.

A 2012 kuma Farfesa Martin Meremikwu na Jami'ar Kalaba da abokan aikinsa suka haɗa gwaji 7 da aka yi a Afirka ta Yamma a kan yara fiye da 12,000. Suka gano cewa bai wa yara magani wata-wata da damina yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafi. Ya isa Katsina a 2013, ya shiga arewacin Benin a 2019.

To, wa ya ɗauki nauyi? Sashen Cochrane na Liverpool, wanda ya jagoranci wannan aiki a kan cututtukan ƙasashenmu, da tallafin gwamnatin Birtaniya ya rayu shekara da shekaru. A Maris na 2023 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta daina bai wa sassan Cochrane na can kuɗin gudanarwa.

Jama'a, kayan aro ba ya rufe katara. Masana muna da su, a Jami'ar Paraku, a Zariya, a Kano. Abin da ya rage shi ne gwamnatocinmu su ware wa wannan aiki kasonsa a kasafin lafiya, tun da 'ya'yanmu ne sauron ke cizo.